Wace wutsiya zan sa wa bidiyona? Tambayoyi da amsoshi kan MP4, MKV da ƴan'uwansu

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani, sai kuma tura wa mutane wa'azi da waƙa da fim a waya da memori. Ɗan shagona yana nan Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a shigo mini da waya ko kile ba, wato abin da mutanen Kano ke ce wa filash, ana cewa, "Malam, abin da ka sa mini ya ƙi buɗewa." Wani lokacin laifina ne, wani lokacin na telen gidan ne, amma sau da yawa rashin bambance buhu da abin da ke cikin buhu ne ke jawo shi. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su yadda nake amsawa a bakin tebur.

Mece ce ita wutsiyar?

Haruffa uku ko huɗu ne da ke zuwa bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil: biki.mp4, kokowa.mkv, tafsiri.3gp. Da su na'ura ke gane wace manhaja za ta kira ta buɗe abin. Kwamfuta mai Windows takan ɓoye su in ba ka shiga saitinta ka ce ta nuna ba, kuma shawarata ka ce ta nuna, don dalilin da zan faɗa can ƙasa.

Fayilolina biyu duk MP4 ne, ɗaya ya buɗe a tele, ɗaya ya ƙi. Yaya aka yi?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, wanda ya gane ta ya huta da rabin wahala.

Je ka layin ƴan hatsi a kasuwa. Za ka ga buhu an rubuta masa shinkafa, ka kwance baki ka tarar gero ne a ciki, na kusa da shi iri ɗaya sak amma wake ne. To MP4 da MKV da AVI da MOV duk buhuna ne, mazubi ne kawai. A cikin mazubin ake zuba hoto, a zuba sauti, wani lokacin har da rubutun fassara. Shi kuma hoton ba a zuba shi haka nan, sai an matse shi, don in ba a matse ba, bidiyon minti kaɗan zai cinye memori gaba ɗaya. Salon matsin nan shi ake kira kodek, kuma iri-iri ne. Akwai H.264 wanda ya fito a 2003, akwai H.265 da ake kuma kira HEVC wanda ya fito a 2013, akwai VP9 na Google, akwai AV1 na 2018, ga kuma tsofaffi irin su Xvid da DivX. Sauti ma da nasa: AAC, MP3, AC3, DTS, Opus.

Tele ko dikoda ko waya, sai ta iya abu biyu kafin ka ga hoto: ta iya kwance bakin buhun, ta kuma iya warware matsin da ke ciki. Telenka ya san buhun MP4 sarai, shi ya sa yake nuna maka sunan fayil ɗin a jeri. Da ka danna, ya leƙa ya tarar da H.265, wanda ba a ƙera shi da saninsa ba, sai ya rubuto maka "Format non pris en charge", wato bai iya buɗe irin wannan ba. Na farkon da ya buɗe kuwa H.264 ne a cikinsa.

To in na goge .mkv na rubuta .mp4 fa?

Ka canza rubutun jikin buhu ne kawai, geron yana nan gero. Manhaja mai wayo irin VLC ba ta ma duba wutsiya sosai, cikin fayil take leƙawa, shi ya sa wasu ke ganin kamar dabarar ta yi aiki. Tele kuwa sau da yawa ƙara rikicewa yake yi.

Inda ake ɗan dacewa shi ne tsakanin MOV da MP4, saboda ƴan gida ɗaya ne: an gina MP4 a kan tsarin QuickTime na kamfanin Apple, wanda shi ne MOV. Ko a nan ma ba na ba kowa tabbaci.

Abin da ya dace shi ne juye kaya daga buhu zuwa buhu ba tare da an sake matsewa ba. Manhajar Avidemux tana yi, in ka bar hoto da sauti a kan kwafi ka zaɓi MP4 a matsayin mazubi. Manhajar FFmpeg ma tana yi da layin umarni ɗaya. Fim na awa biyu yakan gama juyewa kafin ka shanye kofin shayi, kuma ko ƙwayar hoto ba ta raguwa. Sharaɗin dai abin da ke ciki ya kasance wanda na'urarka ta sani. In H.265 ne ya hana buɗewa, juye buhu ba zai yi magani ba, sai an sake matsewa.

Ba na son dogon bayani. Wanne zan zaɓa?

MP4, hoto H.264, sauti AAC. Shi ke nan. In don tele ne ko waya babba, girman hoto 720 ya wadatar, 1080 in kana da wuri.

Bari in faɗi abin da ya sa na kafe a kan wannan. Shekarun baya na ɗauki bikin wata yarinya a unguwar Birni, tun daga kamu har kai amarya. Lokacin na sami sabuwar kwamfuta, ina ɗokin H.265 don yana rage nauyi, sai na matse musu da shi na ba su a kile. Bayan kwana goma sai ga kakar amaryar, ta taso tun daga Magarya a motar haya, kilen a ƙulle a bakin mayafinta. Ta ce, "Ɗana, mun taru gaba ɗaya, har maƙwabta sun kawo tabarmi, an tada inji, abin ya ƙi. Ni ban samu zuwa bikin ba saboda ƙafa, da wannan na dogara in ga jikata." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni na yi kuskure, ki zauna yanzu in gyara." Na ba ta kujera, na kunna mata a kwamfuta tana kallo ina sake matse wani a gefe. Da aka zo wurin da ake wa amarya faɗa, ta sa hannu ta shafa fuskar allon.

Tun ranar, duk abin da zai fita daga shagona zuwa hannun mutane, da H.264 yake fita. Megan da na yi tattali bai kai kuɗin motar tsohuwar nan ba, balle taron da ya watse ba a ga komai ba.

Amma an ce H.265 ya fi kyau.

Ya fi iya matsi, wannan gaskiya ne. An ƙirƙiro shi ne da nufin ba da hoto irin na H.264 a kusan rabin nauyi, kuma a bidiyo mai girma kamar 4K ana ganin amfaninsa ƙwarai. Sai dai yana buƙatar na'urar da aka ƙera da saninsa. Waya mai ƙaramin ƙarfi za ta iya buɗe shi da VLC, amma za ka ga hoto yana tsalle-tsalle, sauti ya yi gaba ya bar baki a baya, wayar ta ɗau zafi, batir ya zube. A garin da ake biyan kuɗin caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In kai kaɗai za ka kalla, kuma ka gwada wayarka ta ɗauka, yi amfani da shi. In kuwa abin zai yi yawo ta Xender daga hannu zuwa hannu, daga Zongo ya tafi Mirriya, daga can ya faɗa Tanut, ba ka san wace waya zai sauka a ciki ba, ka koma H.264.

Hoto yana fita amma ba sauti.

Kusan kullum sautin AC3 ne ko EAC3 ko DTS, irin wanda ke zuwa da fina-finan da aka sauko da su a MKV. Waɗannan suna da lasisi, ba kowace na'ura ko manhaja ce ta biya ba. Masu MX Player sun san saƙon nan da ke cewa ba ta ɗaukar EAC3. A waya, ka buɗe da VLC, yawanci magana ta ƙare. Don tele kuwa, a mayar da sautin kaɗai zuwa AAC, a bar hoton yadda yake. Ba ya ɗaukar lokaci, tunda hoto ne mai cin lokaci wajen matsi.

In akasin haka ne, sauti na fita allo baƙi ƙirin, to hoton ne na'urar ba ta gane ba. Duba ko H.265 ne, ko kuma irin wanda aka rubuta wa 10bit a suna.

Ke nan MKV ba shi da kyau?

A'a, ni ina ƙaunarsa, kuma ba na jin daɗin yadda ake ɗora masa laifin da ba nasa ba. An fara shi a 2002, sunansa Matroska, daga ƴar tsanar nan ta Rasha da ake buɗewa a sami wata a ciki, a buɗe ta a sake samun wata. Sunan ya dace da shi, don ba abin da ba ya ɗauka. Fim ɗin Indiya guda zai iya zuwa da sautin asali, da fassarar Hausa, da rubutun Faransanci da na Larabci, duk a fayil ɗaya, ka zaɓi wanda kake so. Kyauta ne kuma, ba na wani kamfani ba.

Akwai wata falala tasa da ta shafe mu kai tsaye. MP4 na yau da kullum sai an gama ɗauka yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. In wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta mutu kana tsakiyar ɗauka, za ka ga fayil mai nauyin jiga biyu amma ya ƙi buɗewa, don jadawalin bai samu shiga ba. MKV kuwa, abin da aka ɗauka kafin yankewar yana nan ana iya kallo. Duk mai ɗaukar tafsirin azumi ko wani taro kai tsaye a kwamfuta da manhajar OBS, ya ɗauka a MKV, in an shafa fatiha ya juye zuwa MP4. OBS ɗin kanta tana da wurin juyewa. A watannin zafi, da wuta ke yawan zuwa tana komawa, ba na yarda in ɗauka ta wata hanya.

Rauninsa ɗaya ne: tsofaffin tele da dikoda da wasu manhajojin haɗa bidiyo ba su san shi ba.

Fayil ɗin da ya yanke ɗin, ana iya ceto shi?

Wani lokaci. Akwai ƴar manhaja mai suna untrunc, tana buƙatar wani lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da na'urar guda a saiti guda, ta kwaikwayi tsarinsa. Kada dai ka goge fayil ɗin, kada kuma ka ƙara ɗaukar komai a memorin.

Babana ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa. Me zan sa masa?

3GP. An yi shi ne musamman don wayoyin farkon zamanin 3G, kuma har yau ƙananan itel da Tecno da makamantansu sun fi jituwa da shi. Girman hoto 176 sau 144, ko 320 sau 240 in wayar ta yarda. Da yawansu suna buɗe MP4 ma in an ƙanƙantar da shi haka. Kada ka tura masa bidiyon 720 ka ce wayar ta lalace, jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

In wa'azi ne ko karatu, ka tambaye shi ko yana buƙatar hoton. Dattawa da yawa a aljihu suke sa wayar suna saurare a gona ko a rumfa. Cire sautin ka ba shi a MP3, memorinsa zai ɗauki ninkin-ba-ninkin abin da zai ɗauka da hoto.

Ina da tsofaffin faifai na bikin iyayena. Na buɗe na ga DAT da VOB.

Ka yi hanzari, faifai ba ya jure zafi da ƙurar garin nan. DAT na faifan VCD ne, yana cikin jakar MPEGAV, matsin MPEG-1 ne. VOB na DVD ne, a jakar VIDEO_TS, matsin MPEG-2, kuma za ka gan shi a yanke gunduwa-gunduwa, kowane bai wuce jiga ɗaya ba. Da farko ka kwashe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfuta yadda take. Bayan nan ka matse kwafi zuwa MP4 don rabawa ƴan'uwa. Kada ka ce za ka ɗaga girmansa zuwa 1080, hoton da ba a ɗauka ba tun farko ba zai fito ba, nauyi kawai za ka ƙara.

AVI kuma na Microsoft ne, tun 1992. Amfaninsa da ya rage a wurina ɗaya ne: na'urar DVD mai ramin kile, wadda har yanzu tana gidaje da yawa. Yawancinsu AVI mai Xvid ko DivX suka sani, wanda bai wuce 720 sau 576 ba.

Kilena na jiga 32 ne, ba komai a ciki, amma ya ce fayil ya yi girma.

Wannan ba ruwan wutsiya. Tsarin kilen ne, FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura jiga 4 ko da fili ya kai ina. Za ka iya mayar da shi exFAT ko NTFS, amma ka sani abu biyu: mayarwar yawanci tana share duk abin da ke ciki, sannan tsofaffin tele da yawa ba sa ganin exFAT. Ni na fi son in bar kilen a FAT32, in raba bikin kashi-kashi: kamu daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban. Mutane ma sun fi son haka, kowa ya tafi kai tsaye wurin da yake nema.

Me ya sa bidiyo ke dusashewa in na tura ta WhatsApp?

Saboda WhatsApp yana sake matse shi don ya rage nauyi. In wanda ka tura wa ya sauke, ya gyara, ya sake turawa, an sake matsewa. Kamar shayi ne, na farko da na uku ba ɗaya ba ne. Hotunan hawan sallah da ke yawo, wani sai ka kasa bambance fuskar mahayi da rawaninsa, alhali wanda ya ɗauka a ƙofar fada da wayar kirki ya ɗauka.

In kana son ya isa yadda yake, tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da aka rubuta "Document". Tun 2022 ana iya tura har jiga 2 ta nan. Ka dai tuna da megan wanda zai sauke, ka tambaye shi kafin ka tura.

Ɗan'uwana ya turo bidiyo daga iPhone, MOV ne, ya ƙi buɗewa.

Tun 2017 wayoyin iPhone suke ɗauka da HEVC in ba an canza ba. Ka ce masa ya shiga Réglages, Appareil photo, Formats, ya zaɓi "Le plus compatible". Daga nan abin da zai ɗauka H.264 ne. Wanda ya riga ya turo kuwa, VLC ko a sake matsewa.

WebM fa?

Na Google ne, 2010, an yi shi don intanet. In ka sauko da abu daga YouTube ka gan shi da wannan wutsiya, waya mai Android za ta buɗe, tele kuwa sai an dace.

Da me zan matse, kuma nawa zan rage?

A kwamfuta, HandBrake. Kyauta ce. Ka zaɓi saitin Fast 720p30, ka bar mazubi a MP4. Akwai wata lamba da ake kira RF: in ta yi ƙasa hoto ya yi kyau nauyi ya ƙaru, in ta yi sama nauyi ya ragu hoto ya lalace. Tsakanin 20 da 23 nake zama.

Ga lissafin da zai taimake ka. Bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa (megabit takwas ne mega ɗaya), awa ɗaya tasa mega 450 ce. Mai cin 2, mega 900. Da wannan za ka san abin da memori zai ɗauka tun kafin ka fara. Amma ba kowane hoto ne ke matsuwa daidai ba. Malami yana zaune yana karatu, bango ba ya motsi, wannan ko an matse shi sosai yana nan garau. Kokowa kuwa, ko sukuwar dawaki, ƙura ta tashi, jama'a na tsalle, kamara na juyawa, in ka matse da yawa sai hoton ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai daidai lokacin da aka yi kaye. Irin wannan a ba shi haƙƙinsa.

Kuma kullum daga na asali ake matsewa. Matse abin da aka riga aka matse, asara ce a kan asara.

Yaya zan san abin da ke cikin buhun?

A VLC ta kwamfuta, kana cikin kallo ka danna Ctrl da J, za ta nuna maka kodek na hoto da na sauti. Akwai kuma MediaInfo, tana nan ta kwamfuta da ta Android. In ka ga AVC, shi ne H.264. Ita VLC ɗin, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale Paris, suka faro ta a 1996, kuma har yau ba a sayar da ita. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin lasisinta, cutarka zai yi.

Na rubuta fassarar Hausa a ƙasan bidiyo, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sun koma alamar tambaya.

Wajen adana fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin rubutun fassarar, ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8. Sunansa kuma ya zama daidai da na bidiyon, su zauna a jaka ɗaya: taro.mp4 da taro.srt. In duk da haka telen ya nuna akwatuna a madadin haruffan, to ba shi da su a cikinsa, sai a ƙona rubutun a jikin hoton da HandBrake. Ina roƙon masu wannan aiki kada su yar da ƙugiyar haruffa don gudun wahala. Ƙasa daban, kasa daban.

An turo mini bidiyo, na danna sai ya ce in girka wani abu.

Kada ka girka. Bidiyo ba ya neman a girka shi. Duba ƙarshen sunan da kyau: in ka ga .apk a waya, ko .exe a kwamfuta, ko da an rubuta mp4 kafinsa, manhaja ce aka yi wa shigar bidiyo, kuma irinsu ake satar saƙonni da lambobin sirri da su. Wutsiyar ƙarshe ita ce ta gaskiya. Dalilin da ya sa na ce ka sa Windows ta riƙa nuna ta ke nan.

Wanne zan ajiye don ƴaƴana su gani nan gaba?

Biyu. Na asali yadda ya fito daga kamara, ko MTS ne ko MOV ko MP4, kada ka taɓa shi. Sai kwafin MP4 mai H.264 na kallo da rabawa. Ka ajiye su a wuri biyu da ba ɗaki ɗaya ba, don memori yakan mutu ba sallama, musamman na arha da ake rubuta wa girman da ba su kai ba. Sunan fayil kuma ka rubuta shi yadda wanda bai san ka ba zai gane: shekara, wata, abin da aka yi, da unguwa. A kwamfutata akwai jaka cike da VID_0001 da VID_0002 da mutane suka kawo gyara ba su dawo ba, ina buɗewa in ga fuskoki cikin kwalliya, ban san gidan da zan kai su ba. In kana cikin masu su, ka zo da kile, ban goge ko ɗaya ba.